Musayar Waƙa: Koneski da Harafin da Aka Bari a Waje

Malam Mai Alli:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Yau baitina a kan Blaže Koneski ne, mawaƙi kuma masanin harshe, cikin waɗanda suka tsara haruffan Masedoniyanci. Mai amsa ya amsa a waƙe.

Ƙauyen Nebregovo, gefen Prilep, ya fito,
A 1921, can ƙasar Masedoniya.
Likitanci ya je karantawa Belgrade ta Sabiya, ya bari,
Ya koma wa harshe, nan ya sami hanya.
Yana ɗan 23 ana zancen haruffa da shi,
Yaro ne, amma yana ja da manya.
Mayun 1945 haruffa 31 suka fito,
Jarida da makaranta suka ɗauka gaba ɗaya.
Nahawu a 1952, ƙamus mujalladi uku ya biyo,
Wa zai kira wannan aikin wasa da dariya?

Ɗan Gardama:
Allah gafarta Malam, na rusuna, amma da ja,
Akwai harafin da aka kora daga gida.
Shi ne ъ, da Bulgariya ke rubutu da shi,
Mawaƙi Venko Markovski ya so a bar shi a takarda.
Koneski ya ƙi, sai ga ј da љ da њ da џ,
Kayan Sabiya ne, Malam, ko ba ka yarda?
Markovski daga baya Sofiya ta Bulgariya ya koma,
Can ya rasu, bai daina musun ba.

Malama Uwar Ɗalibai:
Ƙanena, baitinka na ƙarshe ya karya amsa-amo, amma na yafe.

Ka duba tushen kafin ka yanke hukunci,
Karin Prilep da Bitola da Veles aka bi.
Tun 1903 marubuci Misirkov ya nuna yankin nan,
Ba a ma haifi Koneski ba a lokaci.
Masu wannan karin ba su damu da sautin ъ ba,
Me zai sa a ɗora musu harafin dole a rubutu, Alhaji?
Ga littafi a hannunka, su ce knigava,
Wancan na nesa knigana, wanda aka sani knigata, ka ji?
Sabiyanci ba shi da ko ɗaya cikin ukun,
Daidaitaccen Bulgariyanci guda gare shi.
Sannan ѓ da ќ da ѕ ka nemo mini a Belgrade,
In ka samo, ni zan biya kuɗin shayi.

Ɗan Gardama:
Yaya, kin ɗaure ni, shayin ya wuce ni,
Amma Masedoniyanci, a Sofiya har yau karin Bulgariyanci suke kiransa.
Kuma sautin bai mutu ba, yana bakin mutane,
In ya zo a rubutu sai a sa waƙafi a samansa.
Kalmar rabo da suka aro wajen Turkawa,
к'смет ake rubuta ta, gurbin ъ babu kowa a cikinsa.

Malam Mai Alli:
To, rabonsa ke nan, ɗan waƙafi a rataye.
Ana kiran Magariba, sai na dawo da amsarsa.