Allon kantin magani a Garwa: Futura ta ƙi karantuwa daga titi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Allon kantin magani nake haɗawa a Garwa, tsawo mita 3, faɗi santimita 80. Mai kantin ƙanin surukin maigidana ne, ya riga ya ba da rabin kuɗi, kuma mutum ne mai saurin fushi. Na sa salon rubutu mai suna Futura, siririn nau'insa da ake kira Light, fari a kan kore: sunan kanti, bayani da Faransanci da Hausa, da lambar waya. A kwamfuta gwanin kyau. Da muka gwada a takarda daga tsallaken titi, harafin a da harafin o sun zama abu ɗaya, ƙ da ɗ kuma sun fito da wani fasali daban. Jibi za a yanka sitika. Yaya zan yi?

Mai yankan sitika, Marwa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ɗora wa Futura kayan da ba nata ba. Paul Renner ya fitar da Futura a Jamus a 1927, ya gina ta da da'ira da miƙaƙƙen layi. Ƙaramar a ɗinta da'ira ce kawai da sanda a gefe, to daga nesa dole ta koma o. Aikinta suna ne gajere, kalma biyu ko uku, da manyan baƙaƙe. Sa Bold, wato mai kauri, ka buɗe tsakanin haruffa kaɗan, domin fari a kan duhu yakan bazu a ido ya cinye tazara. Tsayi kuwa, lissafa santimita 2.5 ga kowace mita 3. Mai karatu daga mita 20 yana buƙatar kusan santimita 17. Light kuma siririya ce, zafin Maris zai ɗaga bakinta, ƙura ta shiga, ta ɓare.

Wata mai zane, Njamena: Malam, ƙ da ɗ babu su ne a Futurar da ke kwamfutarka, shi ya sa manhajar zane ta CorelDraw ta aro daga wani rubutu. Layin Hausa ka sa salon rubutun Noto Sans ko Andika, sannan ka danna Ctrl+Q don mayar da haruffan zane kafin ka kai wa mai yanka.

Mai yankan sitika: A'a Hajiya, rubutu iri biyu a allo ɗaya kwamacala ce. Ya mayar da k da d zane, ya yanko lanƙwasar saman f ya manna, kauri ɗaya.

Wani memba: Laifin masu kanti ne. Sai su ce a sa suna, lamba uku, hoton sirinji, har da addu'a, kuɗin kuma ba sa ƙarawa.

Mai tambaya: Na gode, amma siririn rubutun shi mai kantin ya zaɓa, ya ce ya fi kama da na asibiti. Kuma santimita 17 ba zai bar wa layi huɗu wuri ba. Idan na sa Medium, mai matsakaicin kauri, fa?

Mai yankan sitika: Titin mita nawa ne? Ba ka faɗa ba har yanzu.