An raba HND (babbar difloma ta ƙasa) na kwamfuta gida huɗu: yaya za a yi da 'yan shekarar ƙarshe?

Daga Agege:
Salamu alaikum malamai. A 2024 hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ta raba HND na kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ciki har da tsaron intanet. Sashen da bai sauya ba tukuna, yaya zai yi da 'yan HND II?

Daga Yaba:
Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, a bar su su kammala kan tsohuwar manhajar karatu, a fara sabuwar da 'yan HND I. Idan aka cakuɗa, wajen haɗa sakamako ake ganin ɓarna: ɗalibi ya faɗi kwas, ya dawo maimaitawa, babu kwas ɗin a jadawali. Don haka tun farko a rubuta wane sabon kwas ne ke maye gurbin wane, majalisar malamai ta amince a rubuce.

Daga Idi-Araba:
Haka ne, Malam. Kuma kada a ɗauki ɗalibai sai NBTE ta duba kayan aiki ta amince. Masu tantancewa kan nemi tsofaffin takardun jarrabawa, rahoton mai duba jarrabawa na waje, da littafin SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu. Su kan ce a kunna kwamfutocin ma, saboda haka a gwada janareta kafin ranar.