Shin haɗewar kamfanoni ce ta kashe katun ɗin yara?

Baban yara uku: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Na zo da wata damuwa da ta kwana biyu tana cin raina. 'Yata mai shekara shida tana da wani katun da take bi kullum, har ta haddace maganganun cikinsa. Ranar Asabar ta ɗauki rimot ta rubuta sunan shirin da kanta, harafi bayan harafi, kamar yadda na koya mata, sai allon ya nuna mata babu shi. Sau uku tana gogewa tana sake rubutawa, domin ta ɗauka ita ce ta yi kuskure. Ba zan kama sunan kamfanin ba, amma da na bincika na tarar ya haɗe da wani, kuma sababbin masu shi ne suka sauke shirin. Abin da nake cewa shi ne, haɗewar kamfanonin nan ta kashe katun ɗin yara. Ku dubi Disney, wanda ya sayi 21st Century Fox a 2019 kan dala biliyan 71.3, sannan a 2021 ya rufe Blue Sky Studios, gidan da ya yi Ice Age, ma'aikata kusan 450 suka rasa aikinsu.

Ɗalibin zane: Wa alaikumus salam, Baba. Na tausaya wa ƙanwata, amma da girmamawa, kalmar "kashe" ta yi nauyi a nan, domin abin da aka kashe ba ya sake numfashi. Disney ɗin da ka ambata shi ne ya sayi gidan katun na Pixar a 2006 kan dala biliyan 7.4, kuma bayan cinikin ne Pixar ya fitar da Up a 2009 da Coco a 2017, sannan shugabannin Pixar ne suka farfaɗo da sashen zanen Disney da ya daɗe yana tangal-tangal. Kafin nan ma, kamfanin Turner ya sayi gidan katun na Hanna-Barbera a 1991, kuma da tarin tsofaffin katun ɗin da ya mallaka ya buɗe Cartoon Network a 1992. Da ba a yi wannan ciniki ba, da tashar da yawancinmu muka tashi muna kallo ba ta samu ba. Ta yaya za a kira wannan kisa?

Malamar firamare: Ɗana, Hausarka ce ta gaza, ba maganar Malam ba. Muna cewa an kashe fitila, an kashe rediyo, an kashe aure, an kashe kasuwa, kuma babu wanda yake nufin an zubar da jini ko an yi jana'iza. Idan yarinya ta nemi shirinta ta tarar babu, to an kashe mata shi, ko da faifansa yana kwance a ma'ajiyar kamfani. A watan Afrilun 2022 WarnerMedia ya haɗe da Discovery, kuma watanni huɗu kacal bayan haka aka sauke shirye-shirye da dama daga HBO Max, dandalinsu na kallo ta intanet, ciki har da Infinity Train da kashi kusan 200 na Sesame Street. Wace kalma kake so mu yi amfani da ita, idan ba "kashe" ba?

Ɗalibin zane: Malama, fitilar da aka kashe ai ana sake kunna ta, don haka misalinki ni ya goya wa baya. Idan haka Baba yake nufi, sai ya ce an dakatar, ko an rufe.

Malamar firamare: Auren da aka kashe fa, da makunni ake mayar da shi? Ka ɗauki misalin da ya yi maka daɗi ka bar sauran uku. Kuma tun da ka fara magana kake yabon kamfanoni, har ban ji ka ce uffan game da mutum 450 da aka sallama ba.

Wani tsohon ma'aikacin talabijin: Ku yi haƙuri in sa baki. Idan ma an yi kisa, ba haɗewar kamfanoni ce ta yi shi ba, wayar hannu ce. Yara sun bar tashoshin talabijin sun koma YouTube, masu talla suka bi su, kuɗin tashoshi ya ragu, shi ya sa kamfanoni suke rungumar juna don kada su nutse. Cocomelon, katun ɗin waƙoƙin yara, a YouTube ya yi suna, ba a wata tasha ba. Mu iyaye da muke miƙa wa yaro waya domin ya bar mu mu huta, mu ne ya kamata mu fara tuhumar kanmu.

Baban yara uku: Yallaɓai, ban kawo tarbiyyar gidana nan don a auna ta ba. 'Yata ba ta da waya, kuma tare da ita nake zama ina kallo. Ba daidai ba ne mutum ya kawo kuka a mayar da shi mai laifi.

Wani tsohon ma'aikacin talabijin: Malam, cewa na yi "mu iyaye", na haɗa da kaina. Idan maganar ta sosa maka rai, Allah ya ba ka haƙuri, amma ban janye ta ba.

Malamar firamare: Ya kamata ka janye ta, Yallaɓai. Duk lokacin da aka taɓo manyan kamfanoni sai an sami mai juya laifi kan iyaye, kuma a ƙarshe kan uwa yake sauka. Ko Cocomelon ɗin da ka kafa hujja da shi bai tsira ba, domin kamfanin Moonbug ya saye shi a 2020, shi ma Moonbug aka saye shi a 2021 kan kusan dala biliyan 3.

Mai aikin zanen katun: Ni wannan sana'ar nake ci, kuma abin yana damuna ƙwarai, shi ya sa nake roƙon mu koma kan tambayar farko. Mai sayen kamfanin katun ba masu zane yake biɗa ba, sunayen da yara suka riga suka sani yake biɗa. Mattel, mai yin kayan wasan yara, ya sayi HIT Entertainment a 2012 kan dala miliyan 680 ya mallaki Thomas, katun ɗin jirgin ƙasa. Hasbro, shi ma mai yin kayan wasan yara, ya sayi Entertainment One a 2019, sannan a 2023 ya sayar wa Lionsgate sashen fina-finai da talabijin kan dala miliyan 500, amma ya riƙe katun ɗin Peppa Pig, domin wannan katun ne yake sa a sayi 'yar tsana. Sau da yawa kuma da bashi ake yin cinikin, kamar yadda Warner Bros. Discovery, wanda haɗewar WarnerMedia da Discovery ta haifar, ya fara rayuwa da bashin kusan dala biliyan 50. Wanda bashi ya danne yana neman inda zai rage kashe kuɗi, kuma shirin da aka sauke ba a ci gaba da biyan waɗanda suka yi shi haƙƙin nunawa. Abin da ya fi yi mana ciwo shi ne raguwar ƙofofi. Idan kamfanoni biyu suka zama ɗaya, mai sabon labari ya rasa wuri guda da zai kai shi, kuma wanda ya rage ya fi son a sake ɗinka tsohon shiri da a gwada sabo. Fim ɗin Nimona, wanda aka soke da rufe Blue Sky, sai a 2023 ya fito a Netflix, domin an sami wasu sun ɗauke shi. Aikin da bai sami mai ɗauka ba, babu yaron da zai taɓa sanin an fara shi.

Ɗalibin zane: Na gode, Yaya, domin ka tabbatar da maganata. Tunda Nimona ya fito, ashe ba a kashe shi ba.

Mai aikin zanen katun: Ƙanena, duk bayanin da na yi wannan kaɗai ka tsinta? Fim ɗaya ya tsira, gidan da ya fara shi kuwa har yau a rufe yake.

Mai kula da zaure: Jama'a, muhawara ta yi tsawo, bari in taƙaita. Mafi yawan masu magana sun yarda cewa kalmar "kashe" ta wuce gona da iri, kuma an kawo hujjoji masu ƙarfi da suka nuna haɗewar kamfanoni ta haifar da alheri, kamar na Pixar da Cartoon Network, wadda ni kaina da ita na girma. An kuma nuna cewa sauyin zamani da wayar hannu su ne tushen matsalar. An ambaci wasu 'yan shirye-shirye da aka sauke, wanda abu ne da kasuwanci ya gada. Muna ba Baban yara haƙuri.

Malamar firamare: Ranka ya daɗe, ban yarda da wannan taƙaitawa ba. Mu biyar muka yi magana, mutum ɗaya ne ya ƙi kalmar kai tsaye, kuma ka tsallake bayanin wanda yake cikin sana'ar gaba ɗaya. Ina roƙon ka gyara ta, ka sa batun bashi da na ma'aikatan Blue Sky kafin ka rufe zancen.