Adireshi biyu ya turo min, a wanne zan zuba USDT?

Mai_Waya_Tawa:
Assalamu alaikum. Ina sayar da wayoyi a kasuwar Tawa. Mutumin da nake saro kaya wurinsa a Dubai ya ce daga yanzu da USDT, kuɗin intanet mai bin darajar dalar Amurka, zan riƙa biyansa. Ya turo adireshi biyu, ɗaya ya fara da T, ɗayan da 0x. Da na zo turawa sai manhaja ta ce in zaɓi rezo: TRC20, ERC20 ko BEP20. Jika ɗari huɗu ne, kusan duk jarina, shi ya sa na dakata. Mene ne bambancinsu?

Ɗan_Yamai:
Wa alaikumus salam, Malam. Madalla da ka dakata. Mai T na Tron ne, haruffa 34, shi ke tafiya da TRC20. Mai 0x haruffa 42 ne, na Ethereum, shi ke tafiya da ERC20. A nan tarkon yake: BNB Smart Chain, wato rezon BEP20, ita ma da wannan siffar adireshin take aiki, don haka manhaja ba za ta hana ka ba. In ka tura ta BEP20 shi kuwa yana jira a ERC20, ba zai ga komai ba. Idan walet ɗin, wato asusun da kuɗin ke shiga, tasa ce, kalmomin sirrin na hannunsa, zai iya sauya rezo ya same su. Idan ta kamfanin musaya ce, sai abin da kamfanin ya yarda. Kada ka yi hasashe, ka sa ya rubuto maka sunan rezon.

Hajiya_Adar:
Ƙanena, ka kuma san ladan aika yawanci ba da USDT ake biyansa ba in daga walet ɗinka kake turawa. Kowane rezo da kuɗinsa: Tron da TRX ake biya, Ethereum da ETH, BNB Smart Chain da BNB. Ni TRC20 nake bi. Ka fara tura dala 5, ya ce ta shiga, sannan sauran.

Malam_Lissafi:
Bitcoin ma adireshinsa iri-iri ne, in wata rana ya ce ka biya da shi. Mai farawa da 1 shi ne tsohon, akwai mai 3, sai bc1q na sabon tsarin SegWit da aka kunna a 2017, ladansa ya fi sauƙi, da bc1p na tsarin Taproot da ya biyo baya tun 2021. Duk rezo ɗaya ne su. Kuma kada ka kwafo adireshi daga tarihin hada-hadarka, ɓarayi na cusa mai kama da shi a farko da ƙarshe. Ka duba har tsakiya.

Mai_Waya_Tawa:
Allah ya saka da alheri. Na kira shi, ya ce mai T ɗin. Hajiya, TRX nawa zan ajiye kafin in tura?