Ina Jidda, solar na Kassala: manhaja na nuna batir na kashi 80 amma gida ya kwana a duhu

Abu Hafsa, Jidda:
Assalamu alaikum jama'a. Ni ina aiki a Jidda, Hajiyarmu tana Kassala, a Sudan, da ƙannena. Da wuta ta zama sai an ga dama bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, muka haɗa kuɗi muka sa mata sola: inbata mai kilowat 5, batirin litiyam na bolt 48 guda ɗaya, faranti shida a kan rufi. Firji ne babban dalili, don a ciki ake ajiye mata allurar ciwon suga. Inbatar ta zo da 'yar sandar Wi-Fi da ake cusa mata a ƙasa, na sauke manhajar a wayata don in riƙa leƙawa daga nan.

Abu biyu ke damuna. Sandar takan ɓace, a wuni ba labari, alhali ƙanena na aiko min saƙo ta rautar gidan. Na biyun ya fi ci min rai: da magariba manhaja ta ce batir na kashi 80, tsakar dare komai ya mutu, firji da fanka duka. Batirin ne jabu, ko manhajar ce ke min ƙarya?

Mai Gyaran Sola, Gadarif:
Wa alaikumus salam Malam Abu Hafsa, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kada ka yi saurin yanke wa batirin hukunci. Ka sa ƙanenka ya duba ko akwai wata siririyar waya, mai kai irin na wayar intanet, tsakanin batir da inbata, ban da manyan wayoyin nan biyu ja da baƙa. Na fi zaton babu.

Batirin litiyam nau'in LiFePO4 mai ƙwaya 16, wanda ake kira na bolt 48 amma ainihinsa bolt 51.2 ne, ƙarfinsa ba ya sauka a hankali kamar na batirin ruwa. Daga kashi 80 zuwa kashi 20 bambancin bai wuce kusan bolt 2 ba, sai can ƙarshe ya faɗi lokaci guda. To in inbata da bolt take auna shi, kintace kawai take yi, kintacen nan kuma shi take tura maka Jidda. Mai ainihin lissafin yana cikin batirin, shi ne BMS, wato 'yar na'urar da ke kula da batirin, kuma ba ya magana da inbata sai ta siririyar wayar nan, a ramin da aka rubuta CAN ko RS485.

A nan masu haɗi da yawa ke zamewa. Kan wayar RJ45 ne, wato irin na wayar intanet, sai mutum ya ɗauko kowace wayar kwamfuta ya soka. Wani lokaci a dace, wani lokaci a'a, don kowane kamfani da jerin ƙafafunsa, wato 'yan ƙarafunan da ke jere a kan wayar. Misali kamfanin batir na Pylontech na fitar da CAN a ƙafa ta 4 da ta 5, kamfanin inbata na Victron kuma a ta 7 da ta 8, shi ya sa Victron ke sayar da wayarsu ta musamman. A duba littafin batir da na inbata, a matsa wayar daidai, sannan a shiga saiti a zaɓi litiyam da nau'in batirin. In an yi haka kashin bai gyaru ba, a bar batirin ya cika taf sau ɗaya, BMS zai daidaita lissafinsa.

Tun da a Saudiyya kake: in daga can ka aiko inbatar, a tabbatar tana kan 50Hz. Wutarku 60Hz ce, tamu 50.

Maman Yusra, Mai Wurno:
Yaya, maganar ɓacewar sanda mu ma mun sha ta. Yawancin sandunan nan siginar Wi-Fi ta 2.4GHz kaɗai suke kamawa, ba ta 5GHz ba, sabuwar rauta kuma takan haɗe 2.4 da 5 a suna ɗaya, waya ta hau lafiya, sanda ta kasa. Yarona ya raba su, ya ba 2.4 sunanta daban, shi ke nan. Sannan ina aka kafa inbatar? In ɗakin kwano ne a ƙarshen tsakar gida, siginar ba za ta ratsa ba, kuma zafin Afrilu da Mayu a Kassala ba abin da za a kulle batir a cikinsa ba ne. A mayar da su inda iska ke shiga.

Baban Walid, Makka:
Abu Hafsa, ka saya wa rautar ɗan ƙaramin batirinta na bolt 12, ana samu a shagunan kayan waya. In inbata ta mutu rauta ta bi ta, to ko kiran gida ba za ka iya ba a daidai lokacin da kake buƙata. Ka kuma sani bayanan ba kai tsaye suke zuwa maka ba, sai sun je sabar kamfani, kusan duk minti biyar, sannan su iso wayarka. Ka tuna Fabrairun 2024 da layukan waya na Zain da Sudani da MTN suka ɗauke gaba ɗaya? Duk mai irin wannan manhaja ya makance. Shi ya sa ni na koya wa mutanen gidanmu karanta allon inbatar da idonsu. Mai hali kan sa manhajar Solar Assistant a kan 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, yana aiki a cikin gida ko ba intanet, amma ga gidan tsohuwa ina ganin wahala ce kawai.

Ka duba agogon manhajar ma. Tun 2017 Sudan na bayanmu da awa ɗaya, in ka yi rajista da lokacin Riyad za ka ga rana na fitowa a makare. Kuma don Allah kada ka riƙa canza saitin caji daga nan, in abu ya kwaɓe ba ka kusa.

Abu Hafsa, Jidda:
Allah ya saka da alheri. Ƙanena ya turo hoto, wayoyi biyu ne kawai, ramin da aka rubuta CAN ko murfinsa ba a cire ba. Malam na Gadarif, in na turo maka hoton shafukan littattafan biyu, za ka iya faɗa mana jerin ƙafafun? Mai haɗin zai zo ranar Asabar in sha Allah.