Neman shawara: Go zai iya ɗauke mini duk ayyukana kuwa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata takwas ke nan ina rubuta manhaja da yaren kwamfuta na Go. Na gina wata 'yar saba, wato manhajar da ke amsa buƙatu ta intanet, mai karɓar odar kaya, tana aiki lafiya lau, kuma fayil ɗaya tak take fitowa, sai in ɗora ta tashi. Yanzu an ce in yi mata fuska ta kwamfuta mai tagogi da maɓallai, daga baya kuma ta waya. Nan na cije. In ci gaba da Go ne, ko in koma yaren Python tun da sauran lokaci?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ƙanena. Duba asalin Go tukuna. Google ce ta fitar da shi a 2009, saboda injiniyoyinta sun gaji da jiran manyan manhajojin da aka rubuta da yaren C++ su gama haɗuwa kafin su yi aiki. Shi ya sa ƙarfinsa yake wajen saba. Docker da Kubernetes, manhajojin da ake tafiyar da ayyukan saba da su, duk da shi aka rubuta su. Laburaren da yake zuwa da shi, wato tarin kayan aikin da aka riga aka rubuta, yana da kayan HTTP, hanyar da manhajoji ke magana ta intanet, amma babu na zana taga ko maɓalli ko ɗaya. Dole ka nemo na waje, irin su Fyne.

Amsa ta biyu:
Malam, kada ka yar da abin da ke aiki. Python yana zuwa da Tkinter, laburaren zana tagogi da maɓallai, gaskiya ne, amma ranar da za ka miƙa manhajar ga wanda bai girka Python ba, za ka yi kewar fayil ɗin nan naka guda. A waya kuma ba gidan Python ba ne. Tun 2019 Google ta fifita yaren Kotlin a Android. Bar sabarka a Go, ta wayar ta riƙa magana da ita ta HTTP.

Amsa ta uku:
Ni abin da ya taɓa cin ni shi ne gwaji da abu mai sauƙi. Na zana maɓalli biyu, na ga sun fito tsaf, na yanke hukunci. Bayan wata uku aka nemi tebur mai layi dubu goma da wurin bincike, ga kuma buga rasit a firinta. Ashe laburaren da na ɗauka an fi shekara ba a taɓa shi ba, koke-koken mutane jibge babu mai amsawa. Don Allah ɗan'uwa, ɗauki shafin da ya fi ba ka tsoro, ka ba shi kwana biyu a Fyne, kuma ka duba ranar da aka yi wa laburaren gyaran ƙarshe kafin ka rubuta layi ɗaya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Teburin odar ne ya fi tsorata ni, da shi zan fara gobe. Akwai wanda ya taɓa tura rasit zuwa firinta kai tsaye daga Go?