Abin kan doki da babu ƙarfe a baki: me za mu kira shi kafin daren Juma'a?

Mai shiri, Aboabo: Salamu alaikum jama'ar zangunan Ghana. Daren Juma'a ina da shiri a rediyo kan kiwon dawaki, baƙona wani mai horar da su ne daga Akra. Ya turo mini bayaninsa da Turanci, kusan kowane layi sai ka ga "bitless bridle". Abin kai ne da ake sa wa doki a hau shi babu ƙarfe a baki. In ka ja kamazuru, a doron hanci yake matsawa, wani har da haɓa da ƙeya. Na rubuta "linzami marar linzami", da na karanta a fili sai na jiyo dariyar uwargida daga kicin. A taimaka.

Ɗan Nima: Ragama. An gama.

Baba mai dawaki, Asawase: Ba a gama ba, yaro. Ragama ta jan doki ce zuwa shan ruwa, da ɗaure shi a turke. In ya ce ragama a rediyo, masu saurare za su ɗauka igiyar da ke rataye a barga ake nufi. Inda gizo ke saƙar shi ne, a bakinmu ƙarfen ma linzami ne, abin kan gaba ɗaya ma linzami ne. Namu na gado kuwa kun san shi: ga harshen ƙarfe da ke tokare ganɗa, ga zobe ya kewaye haɓa. Shi ke sa ranar hawa mutum ya sako doki a guje, ya ja sau ɗaya, doki ya tsaya cak. Na sha wanke bakin doki da ruwan gishiri bayan hawa, ruwan na fitowa ja.

Malama, Sabon Zango: Baba, a yi mini afuwa, ni ina ganin linzami ya daɗe da fita daga bakin doki. Kullum a labarai muna jin makami mai linzami, wane baki gare shi? Ma'anar ta koma abin da ake juya abu da shi. Sai mu ce linzamin hanci. Gajere ne, kuma wanda bai taɓa ganin abin ba zai gane inda yake kamawa.

Ustaz, Fadama: Kun bar gini kuna tono a gefe. Linzami daga lijam yake, sirdi daga sarj, likkafa daga rikab. Da yawa cikin kayan dokinmu da Larabci suka shigo. Wani nau'in abin nan Turawan Amurka na ce masa hakamo, sun aro daga Sifaniyanci, su kuma mutanen Sifaniya sun aro daga shakima ta Larabci. To mu ma mu koma gida: shakima. Kalma ɗaya tak, mai asali.

Mai shiri, Aboabo: Ustaz, in na ce shakima, wa zai gane a Aboabo?

Ustaz, Fadama: Ranar da aka fara cewa likkafa wa ya gane? Ka faɗa sau uku, ta zauna. Shakima, jam'i shakimomi. Ji yadda ta hau harshe.

Ɗalibi, Madina: Gafarta Malam, da ladabi nake magana. A ƙamus ɗin Larabci shakima ita ce ƙarfen da ke gicciye a bakin doki. Daga nan aka samo kiran mutum mai taurin kai da mai ƙarfin shakima. Kenan za mu raɗa wa marar ƙarfe sunan ƙarfen.

Ustaz, Fadama: Kalma tana tafiya, ma'ana tana canzawa. A Andalus, wato Sifaniya ta zamanin Musulmi, ai ba haka ta tsaya ba.

Bakano a Kumasi: Ni abin da ya ɗaure mini kai, yaushe mutanen zango suka fara ƙirƙira wa Hausa kalmomin doki? Ku da kuke cewa "matata ya zo". Kuma ina doki a kurmi, inda ƙudan tsando ba ya barin sa ya shekara lafiya? Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. A tambayi masu hawan daba a Kano ko Katsina, a huta.

Malama, Sabon Zango: Alhaji, ka zo cin kasuwa ko ka zo gyara mana baki? Hausar nan a kan jakai ta zo da fataken goro, ta zauna a Salaga da ke arewacin Ghana, bayan yaƙin basasar 1892 ta watsu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Akra. Ba aro muka yi ba. Doki kuwa, je ka Yendi ko Tamale lokacin bikin Damba ka ga rawar dawaki, sannan ka dawo mu yi magana.

Bakano a Kumasi: Ƙabilar Dagomba ke nan, ba ku ba.

Ɗan Nima: To Alhaji, ba mu kalmar Kanon mana.

Bakano a Kumasi: Zan tambaya.

Hajiya, Tafo: Ni dai da za ku ji tawa, linzamin tausayi. Tunda don a hutar da bakin dabba aka yi shi.

Mai dawakin haya, Labadi: Hajiya, kar a sa masa wannan suna, sai mutane su ɗauka ba ya cutarwa. Ni nake ɗora baƙi a bakin teku, waɗanda ba su taɓa hawa ba, da sun tsorata sai su rataya a kamazuru, shi ya sa na cire wa dawakina biyu ƙarfe. Amma abin iri-iri ne. Akwai mai laushi, kamazuru a gefen hanci dama da hagu, ka ja dama kai ya juya dama. Akwai wanda igiyoyinsa ke gicciyawa ƙarƙashin muƙamuƙi, yana rungumar kan duka. Akwai kuma mai dogayen sandunan ƙarfe a gefe, wannan in hannu ya yi nauyi ya fi wani linzamin mugunta. Sannan wurin ɗaurawa: kamar yatsa biyu ƙasa da ƙashin kunci. In ya sauko kusa da ƙofofin hanci, ƙashin wurin siriri ne, ga shi doki ba ya numfashi ta baki. Na taɓa sayen wani a gwanjo, ya yi wa dokina yawa, ya zame ƙasa, kafin la'asar gashin hancin ya murje. Mai shiri, ka tambayi baƙonka wanne yake nufi.

Mai shiri, Aboabo: Na kira shi yanzu. Ya ce duka ukun, amma ya fi amfani da mai laushin.

Baba mai dawaki, Asawase: Mai laushin nan ai ragama ce aka ɗaura wa kamazuru. Muna yara haka muke hawa in za mu kai su kiwo. In dole ne, ku ce ragamar hawa.

Ɗan Nima: Tun farko me na ce?

Baba mai dawaki, Asawase: Rabi ka faɗa.

Mai shiri, Aboabo: To ga abin da zan yi. Sunan duka, linzamin hanci. In an zo kan mai laushi, ragamar hawa. Mai sanduna kuma linzamin hanci mai sanduna, ya yi tsawo amma ba yadda na iya. Na gode Malama, na gode Baba.

Baba mai dawaki, Asawase: Ni har yanzu abin da bai shiga baki ba ban iya kiransa linzami. Amma shirinka ne.

Bakano a Kumasi: Wanda na tambaya bai ɗauki waya ba.

Ustaz, Fadama: Ƙarfe nawa ake buɗe layi daren Juma'a? Zan kira.